Wai don yaro ya canja makaranta shi ne ya zama rago?

Wata hira na ci karo da ita a YouTube kwanan nan, irin ta masu sharhin wasannin jami'o'in Amurka, wani dattijo da ya ce shi ma ya buga besbol (wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya buge ta da sanda) a zamaninsa yana ta kumfar baki a kan wani yaro da ya bar jami'arsa bayan shekara biyu ya koma wata. Wai yaron rago ne, wai da ya ga wuya sai ya ari na kare, wai yaran yanzu ba su san haƙuri ba, abu kaɗan sai su tattara komatsansu su ƙara gaba. Sauran da ke zaune tare da shi sai gyaɗa kai suke yi kamar ya faɗi wata hikima.

Ba wanda ya tambaya ko ana saka yaron a wasa. Ba wanda ya tambaya nawa iyayensa ke biya a shekara. Ko kocin da ya je har gidansu ya lallaɓo shi yana nan ko ya daɗe da yin gaba, wannan ma ba wanda ya damu ya sani.

Na san wani zai ce to mu ina ruwanmu da besbol, wasan da ko dokokinsa ba mu gama ganewa ba. Haka ne, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne saurin da manya ke yi wajen laƙaba wa yaro ɗan shekara 19 ko 20 mummunan suna, alhali tsarin da ya tura shi ƙofa su ne suka gina shi da hannunsu.

Ni dai matsayina a fili yake, kiran wannan yaro rago zalunci ne. Bai daina wasan ba, bai ajiye sandar ba, gobe da asuba za ka same shi a ɗakin ɗaga ƙarfe na sabuwar makarantar yana zufa, kuma a can sai ya sake gwada kansa daga tushe a gaban mutanen da ba su san shi ba, ba su kuma yi masa alkawarin komai ba. Wanda ke gudun wahala ba haka yake yi ba, zamansa yake yi a benci yana cin abincin makaranta har ya gama.

Yadda abin yake a taƙaice

Hukumar NCAA ce ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka, kuma a babban rukuninta akwai makarantu wajen 300 da ke buga besbol. Ana fara kaka a tsakiyar Fabrairu, a ƙarshe ƙungiyoyi 64 su shiga gasar ƙasa, 8 su isa birnin Omaha na jihar Nebraska, inda ake buga wasannin ƙarshe tun 1950. Burin kowane yaro biyu ne, ya taka Omaha, sannan wani kulob na ƙwararru ya zaɓe shi.

Da, idan ɗan wasa yana son ya koma wata makaranta sai ya nemi izinin wadda yake ciki kafin ma wata ta yi masa magana, kuma koci na iya cewa ban yarda ka je wurin su wane da su wane ba. Daga 2008 kuma aka ƙara wa 'yan besbol wani nauyin, duk wanda ya canja sai ya zauna shekara guda cur bai buga ba. A Oktoban 2018 aka buɗe wata rajista ta intanet, yaro ya faɗa wa makarantarsa a saka sunansa, shikenan kowane koci a ƙasar zai iya kiransa. A 2021 aka cire zaman shekara guda ga wanda ya canja karo na farko, a 2024 kuma, bayan wasu jihohi sun maka NCAA a kotu, aka cire iyakar gaba ɗaya matuƙar karatun yaro na tafiya daidai.

To ka ga dattijon nan da ke cewa su a zamaninsu ba sa guduwa, wataƙila gaskiyarsa ne, amma ƙofar ma a kulle take a lokacin. Wanda aka kulle a ɗaki bai kamata ya riƙa alfahari da cewa bai fita yawo ba.

"Ai makaranta ta ɗauki nauyinsa"

Wannan ita ce hujjar farko da ake kawowa, wai an ba shi karatu kyauta ya ci ya goge baki. Masu faɗin haka suna auna besbol ne da ƙwallon Amurka ko kwando, inda ɗan wasa ke samun cikakken tallafin karatu. Besbol kuwa ta daɗe ba haka take ba sam.

Tun farkon shekarun 1990 har zuwa 2025, dokar NCAA ta ce kowace ƙungiyar besbol tallafin karatu 11.7 kawai za ta iya bayarwa. Eh, sha ɗaya da ɗigo bakwai, ba kuskuren rubutu ba ne. Kuma shekaru da yawa ƙungiya na da yara 35 ne, daga cikinsu 27 kaɗai aka yarda a raba wa wannan ɗan tallafin, mafi ƙarancin abin da za a ba mutum shi ne kashi 25 cikin ɗari. Sauran kuwa ko sisi, su ne ke biyan komai nasu su kuma zo atisaye kullum kamar kowa.

Yi lissafin da kanka. Yaro yana da kashi 25, makarantar kuma irin ta kuɗi ce wadda kuɗin karatunta kaɗai ya haura dala dubu 60 a shekara, to kashi 75 ɗin da ya rage daga ina zai fito? Daga aljihun uba da uwa, ko bashin da yaron zai kwashe shekaru yana biya bayan ya gama. Wato a zahiri shi ne ke biyan makaranta kuɗi don ya saka rigarta. Idan uban ya zauna da biro da takarda a ƙarshen shekara ya ga an kashe wannan uban kuɗi kuma ɗansa sau goma kacal aka bar shi ya riƙe sanda duk kakar, ya ce ɗana mu nemi wata makaranta kusa da gida mai sauƙin kuɗi wadda za ka riƙa bugawa, don Allah ina ragwanta a nan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma a makarantu da dama tallafin na shekara-shekara ne, ana sabunta shi ne ko a ƙi. Rukunonin manyan jami'o'i sun yi dokar hana ƙwace tallafi saboda rashin ƙoƙari a fili tun 2015, amma koci ba ya buƙatar ƙwace komai. Akwai zaman da ake yi da kowane ɗan wasa a ofis bayan an gama kaka, a rufe ƙofa, koci ya jingina da kujera ya ce gaskiya ban ga inda zan saka ka baɗi ba, mun ɗauko wasu biyu a gurbinka, in ka zauna ba zan hana ka ba amma ka san yadda abin zai kasance. Yaro ya fito jiki a sanyaye, washegari sunansa ya bayyana a rajista, mutanen gari su ce ya gudu. Korar sa aka yi da ladabi, sai dai a takarda shi ne ya tafi da kansa.

Agogon da ba ya jira

Abu na biyu da masu zagi ke mantawa da shi shi ne lokaci. Ƙa'idar da aka daɗe a kai ita ce kaka huɗu cikin shekara biyar, daga nan an rufe littafinka. Kuma kulob-kulob na ƙwararru suna iya zaɓar ɗan jami'a ne bayan shekararsa ta uku ko idan ya cika 21, saboda haka shekara ta uku ita ce kasuwarsa, a nan ne yake da daraja, don idan bai gamsu da tayin ba zai iya cewa zan koma makaranta. Wanda ya kai shekarar ƙarshe ba shi da wannan ƙarfin, abin da aka miƙo masa shi zai karɓa.

Sannan ƙofar shiga ƙwararrun ma ta ƙara tsukewa. Da zagaye 40 ake yi wajen zaɓen 'yan wasa, a 2020 saboda korona aka yi 5 kacal, daga 2021 aka tsaya a kan 20. A 2021 ɗin kuma aka rage ƙananan kulob-kulob da ake rainon matasa daga 160 zuwa 120. Ga kuma ƙarin shekarar da aka ba waɗanda korona ta katse wa kaka, wadda ta sa manyan yara suka ƙi tafiya, ƙanana suka taru a bayansu ba wurin shiga.

Mutum tara ne ke cikin fili a lokaci guda. Idan kai ne na biyu a gurbinka kuma na farkon sa'anka ne, to fa sai dai ka yi ta addu'a ya ji ciwo, abin da bai kamaci kowa ba. Masu zawarcin 'yan wasa kuwa da ke zama a bayan raga da na'urar auna gudun ƙwallo a hannu, ba sa rubuta sunan wanda ke benci yana tafa wa abokansa, komai kyawun halinsa.

Dubi Chase Burns. Mai jifa ne a Jami'ar Tennessee, a 2023 aka cire shi daga cikin masu fara wasa aka mayar da shi mai shigowa daga baya. Ya yi aikin da aka ba shi har ƙungiyar ta je Omaha, da kaka ta ƙare sai ya koma Jami'ar Wake Forest inda aka bar shi ya fara wasa. A 2024 kulob ɗin Cincinnati Reds ya ɗauke shi a matsayin mutum na biyu a duk ƙasar, da kuɗin sa hannu sama da dala miliyan 9. Magoya bayan Tennessee sun ji haushi, ban ga laifinsu ba, amma wane uba ne a cikinsu zai ce wa ɗan cikinsa zauna kawai, miliyoyin ba su da muhimmanci?

Wani dare a Omaha

A Yunin 2023 an yi wani wasa tsakanin LSU, wato Jami'ar Jihar Louisiana, da Wake Forest, wanda duk ya yi nasara shi zai je wasan ƙarshe. Wanda ya fara jifa wa LSU shi ne Paul Skenes, ya yi zango takwas cikin taran da ake raba wasa ba a ci shi ko ɗaya ba. Aka gama zango tara ana canjaras babu ci, aka shiga ƙarin lokaci, sai a zango na 11 Tommy White ya zo ya narka wa ƙwallon sanda ta tsallake katanga, aka tashi 2 da 0. Bayan kwanaki kaɗan LSU ta doke Florida ta ɗauki kofin.

Su biyun nan duka a shekarar suka zo makarantar.

Skenes daga makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta Amurka ya fito, shekara biyu ya yi a can yana jifa yana kuma bugu. Tsarin makarantar shi ne da zarar ka shiga shekara ta uku to ka ɗaure kanka da aikin soja na shekaru bayan ka gama, kafin nan kuwa kana da damar tafiya ba tare da bashin komai ba. Ya tafi a daidai lokacin da doka ta ba shi dama. A LSU ya fitar da masu bugu 209 da jifansa a kaka guda, ya karya tarihin rukunin jami'o'in da LSU ke ciki, kulob ɗin Pittsburgh Pirates ya ɗauke shi na ɗaya a 2023 da dala miliyan 9.2, a 2024 kuma aka zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa na rukuninsa. Mutumin da ya jure horon soja na shekara biyu, tashin asuba da fareti da karatu da wasa duk a haɗe, shi za a kalla a ce ba shi da juriya?

White kuma daga jami'ar NC State ya zo, inda a shekararsa ta farko ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau 27, abin da wani ɗan shekarar farko bai taɓa yi ba kafin shi. A can galibi bugu kawai yake yi ya koma ya zauna, a LSU aka ba shi gurbin tsaro a kusurwa ta uku, kuma ga ƙwararru ɗan wasan da ke iya tsare gurbi ya fi wanda bugu kaɗai ya iya tsada.

Abin da na lura da shi, a Louisiana ba wanda ya kira su ragwaye, jarumai ne a can. A inda suka baro ne ake cizon yatsa. Wato sunan da ake ba yaro ya danganta ne da inda mai maganar yake zaune, in ya zo wurinmu ya yi dabara, in ya bar mu ya ci amana. Wannan ba hukunci ba ne a kan halin yaro, haushin magoya baya ne kawai aka saka masa rawani.

Amma kada in yi wayo da misalai. Skenes da White da Burns su ne 'yan ƙalilan da abin ya yi wa kyau ƙwarai, akasarin masu canjawa ba wanda zai taɓa jin sunansu, daga benci suke tashi su koma ƙaramar makaranta don kawai su samu su buga wasan da suka taso da shi tun suna shekara shida kafin lokacinsu ya ƙare. Su ɗin ne ma suka fi ba ni tausayi idan aka zage su, don su ba miliyoyin da za su share musu hawaye.

Shi kuma koci wane suna za mu ba shi?

Nan ne raina ya fi ɓaci.

A ranar 24 ga Yunin 2024 jami'ar Texas A&M ta sha kashi a hannun Tennessee da ci 6 da 5 a wasan ƙarshe a Omaha. A taron manema labarai wani ɗan jarida ya tambayi kocinta Jim Schlossnagle game da raɗe-raɗin cewa zai koma Jami'ar Texas, wadda ita ce babbar abokiyar hamayyarsu. Mutumin ya hau ɗan jaridar da faɗa, ya ce tambayar son kai ce, ya nuna cewa shi ya karɓi aikin A&M ne ba da niyyar ya sake karɓar wani ba. Washegari, ba mako ba, ba wata ba, washegari aka sanar da shi a matsayin kocin Texas. Daga baya ya ba ɗan jaridar haƙuri, wannan a rubuta masa.

An zage shi sosai a lokacin, amma zagin na ƙaryar da ake ganin ya yi ne, ban ji ana cewa ya kasa jure wahala ba. Kuma canjin koci daga nan zuwa can abu ne na kullum, shi kansa daga jami'ar TCU ya zo A&M a 2021, Jay Johnson da ya ci wa LSU kofin nan daga Arizona ya zo a shekarar, kuma ba a taɓa cewa koci ya zauna shekara guda a gida ba kafin ya fara sabon aiki. Idan koci ya tafi sai a ce ya samu ci gaba, yana nema wa iyalinsa. Shi mai shekara hamsin da albashin miliyoyi an yi masa uzuri, yaron da ke biyan kashi 75 na kuɗin makarantarsa shi ne za a karanta wa darasin amana. Laifi tudu ne dai.

Abin da ya biyo baya ma akwai darasi a ciki ga masu cewa yaran ba su da amana. Da kocin ya tafi, da yawa daga manyan 'yan wasan A&M suka saka sunansu a rajista. Da makarantar ta naɗa Michael Earley, wanda shi ne ke koya musu bugu kuma sun saba da shi, sai da dama daga cikinsu suka janye suka zauna. Ashe amanar tana nan, ga mutumin da suka sani suka yarda da shi take, ba ga ginin makaranta da kalar riga ba. Yaro ɗan 17 da ke sa hannu ai mutum ne ya zo falonsu ya zauna da iyayensa ya yi alkawari, idan wannan mutumin ya kama gabansa to da wa aka ƙulla alkawarin?

"Haƙuri fa? Wahala ai tarbiyya ce"

Wannan hujjar ina girmama ta, don akwai gaskiya a cikinta. Akwai yaron da shekarar farko ba ya taɓuka komai, ya daure, ya gyara jifansa, ya ƙara ƙarfi, a shekara ta uku ya zama shi ne ginshiƙin ƙungiya, kuma abin da ya koya a wannan zaman jiran zai amfane shi har tsufansa. Wanda ya zaɓi haka a yaba masa, ni ma ina yaba masa.

Sai dai yabon wanda ya zauna ba ya nufin a tsine wa wanda ya tafi. Mu da muka san karatun zaure ai mun san ɗalibi kan zauna wurin malami ya sauke wasu littattafai, idan ya ga abin da yake nema na gaba yana wurin wani malamin a wani gari sai ya yi sallama ya nemi albarka ya ɗauki buzunsa ya tafi, kuma ba a taɓa ce masa rago ba, matafiyi ne a neman ilimi, malamin kirki ma shi ke cewa je ka wurin wane, ya fi ni a wannan fannin. Abin da ake dubawa shi ne yadda ya tafi.

A nan kam na yarda akwai tafiyar da ba ta da kyau. Yaron da ya ajiye ƙungiyarsa ana tsakiyar kaka, ko wanda yake cikin ɗakin canja kaya da abokansa alhali ya gama ƙulla magana da wata makarantar a ɓoye, ko wanda kocinsa sai a intanet zai ga labarin tafiyarsa, wannan ya yi rashin kyautawa kuma a faɗa masa. Amma rashin ladabi daban, ragwanta daban, kuma wanda ya gama kaka cif, ya shiga ofis ya kalli koci ido da ido ya ce na gode zan gwada wani wurin, ban san me kuma ake so ya yi ba.

Inda masu suka suke da gaskiya

Ba zan ce tsarin nan lafiya lau yake ba, ƙarya ne.

Ƙananan makarantu suna shan wuya. Koci ya je ƙauye ya tono yaron da manyan makarantu ba su ko kalla ba, ya yi shekara biyu yana gyara shi, ranar da ya fara haskawa sai wata mai kuɗi ta kudu ta zo ta ɗauke shi, ita ƙaramar ko kwabo ba za ta gani ba. Tun da aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗin talla da sunansu a Yulin 2021 abin ya ƙara ƙamari, don yanzu ba fili mai kyau da yanayi mai ɗumi kaɗai ake nuna wa yaro ba, har da kuɗi a hannu. Makarantun arewacin ƙasar da ke fara kaka cikin ƙanƙara, suna yin makonnin farko a kan hanya suna buga wasa a gidan wasu, da me za su riƙe yaro?

Karatu ma yana taɓuwa. Ba duk kwasa-kwasan da ka yi a nan ne waccan makarantar za ta karɓa ba, wanda ya canja sau biyu ko uku zai iya ƙare wasa ba digiri a hannu, kuma dama saboda matsalar karatu ne aka saka dokar nan ta 2008. Tunda mafi yawansu ba za su ci abinci da besbol ba, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Sannan shiga rajistar kanta caca ce. Da zarar sunanka ya shiga, makarantarka na da damar yanke tallafinka a ƙarshen zangon karatu, kuma ba dole ba ne wani ya kira ka. Duk shekara akwai yaran da ke shiga su zauna suna kallon waya har bazara ta wuce, ba tsuntsu ba tarko. Wasu zugar abokai ce ta kai su, wasu iyaye ne da ke ganin ɗansu ya fi kowa, wasu dillalai ne suka hure musu kunne.

Duk na yarda da waɗannan. Amma a duba su ɗaya bayan ɗaya, wanne ne a ciki ke nuna yaron matsoraci ne? Na farko laifin tsarin da manya suka tsara ne, in ana son gyara sai a yi dokar da babbar makaranta za ta biya ƙaramar wani abu idan ta ɗauki ɗan wasanta, ko a ƙulla yarjejeniyar shekara biyu ko uku da za ta ɗaure ɓangarorin biyu, yaro ba zai tafi ba koci ma ba zai tura shi waje ba. Na biyu da na uku kuwa kuskuren lissafi ne, kuma wanda ya bar abin da ke hannunsa ya fita neman wanda bai da tabbas a kai, ka ce masa ya yi ganganci in ka ga dama, wannan zargin ya fi kama da gaskiya.

Yanzu kuma ga 34

A Yunin 2025 wata alƙaliya a California, Claudia Wilken, ta amince da sulhun wata babbar shari'a da 'yan wasa suka yi da NCAA, wanda a ƙarƙashinsa za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, makarantu kuma za su iya biyan 'yan wasansu kai tsaye. A besbol an binne 11.7 ɗin nan, makarantar da ta shiga tsarin za ta iya ba kowane ɗan wasanta cikakken tallafi in tana da hali. Sai dai an yanke yawan 'yan ƙungiya zuwa 34, alhali a 'yan shekarun da suka gabaci hakan har 40 ake ɗauka. Alƙaliyar sai da ta matsa aka yi sassauci ga waɗanda suke ciki a lokacin don kada sabon adadin ya ci su, amma sassaucin bai tilasta wa kowane koci ya riƙe kowa ba.

Wato guraben yara wajen shida ne za su ɓace a duk ƙungiyar da take cike, kuma mun san su waye za su fara tafiya, su ne waɗanda ba su da tallafi, masu biyan kuɗinsu da kansu, masu tare wa masu jifa ƙwallo a wajen atisaye har hannunsu ya kumbura ba tare da an taɓa kiran sunansu a lasifika ba. Waɗannan su ne suka yi ainihin haƙurin da dattijon nan yake wa'azi a kai. Za a kira su ofis ɗaya bayan ɗaya, a rufe ƙofa, su fito su saka sunansu a rajista saboda ba su da wata hanyar da za su ci gaba da wasa, kuma sunansu zai fito a jeri ɗaya da na kowa, mai karantawa daga waje ba zai iya bambance wanda ya tafi da wanda aka tura ba.